Karanta Zuciyar Kasuwa: Duba Ne Ko Basira?

Dillalin hatsi a kasuwar Rimin Gado kan san gero zai tashi tun ba a ƙara ko sisi a kan tiya ba. Yana gani a hannun mai saye da ya damƙi hatsi ya ƙi saki, yana ji a bakin direban da ya dawo daga Dawanau. Abin da masu hannun jari ke yi ke nan da alƙaluma, har kasuwar Chicago ta ƙirƙiro ma'aunin VIX a 1993 don auna tsoron masu zuba kuɗi. To, wannan basira ce, ko kutse cikin gaibu? A ganina ba ɗaya ba ne. Gaibu shi ne abin da babu alamarsa, shi kuwa tsoro da kwaɗayi a fili suke ga mai lura, kamar hadarin da manomi ke kallo a gabas kafin ya ɗauki iri.

Abin da shari'a ta tsananta a kai shi ne ƙirƙirar wannan yanayi na tsoro da kwaɗayi. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hani ga najashi, wato mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba da niyyar saye ba, don wani ya ruɗu ya faɗa. An kuma hana tarbar ayari a hanya kafin masu kaya su san farashin gari. Duka biyun wasa ne da abin da mutum ya sani. Mai baza jita-jitar fari a watan Yuli alhali ya cika sito da masara, da mai kururuta hannun jarin kamfani a WhatsApp don ya sauke nasa, laifinsu ɗaya.

Akwai suka mai ƙarfi. Masanin tattalin arziki Keynes ya nuna a 1936 cewa ɗan kasuwa kan bar duba kaya, ya koma hasashen abin da wasu ke hasashe. Idan aka kai nan, ashe ba caca ake yi ba? Mun gani a Najeriya: ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura 66,000 a Maris 2008, ya dawo kusan 20,000 bayan shekara guda, bayan bankuna sun yi ta ba da bashi a sayi hannun jari, har gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna 5 a Agusta 2009. Amma a duba su waye suka ƙone. Akasari waɗanda suka bi ayari ne ido rufe, ba su taɓa tambayar me kamfanin ke sayarwa ba. Wanda ya auna zumuɗin jama'a da ribar kamfani ya ga sun yi hannun riga, shi ne ya samu dalilin ja da baya.

Inda hujjar ke rauni shi ne lokacin kaka. Manomin da bashin taki ya ci wa wuya zai sayar da arha, ɗan sari kuma ya karanta matsuwarsa sarai. Cinikin ya inganta a fiƙihu tunda babu ƙarya a ciki, sai dai buhun nan shi manomin zai koma nema da tsada idan damina ta yi nisa.