Shin Ya Halatta 'Ya Mace Ta Buga Ƙwallo?

Ya 'yan'uwa Musulmi, tun da 'yan wasanmu mata suka fitar da Afirka ta Kudu a 2024, suka sami gurbin gasar Olimfik ta Paris, iyaye a nan Minjibir ke yi mini wannan tambaya.

To, motsa jiki ba haramun ba ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya yi tsere da Nana A'isha. Sharaɗi shi ne suturta al'aura, da nisantar cuɗanya da maza, da kiyaye lokutan salla. Ko dokar ƙwallo ma ta amince da hijabi tun 2014. Saboda haka a samar wa 'yan mata killataccen fili, su yi wasa junansu, kada mu haramta abin da Allah bai haramta ba.

Allah Ya sa mu dace, amin.