KAMFANI YA BIYA MAKA JIRGI: KA TAFI KO KA ZAUNA?

Dukkan yabo da godiya na Allah ne Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa matashi, wannan nasiha ce a kan wani al'amari da iyayenmu ba su cika fuskanta ba, amma kai yau ga shi a ƙofar gidanka. A Disamban 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a Daura, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin gina ta. Tun 2018 wannan kamfani ya fara kai ɗaliban Najeriya jami'o'in Sin domin koyon aikin jirgin ƙasa. A Fabrairun 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda ya biyo ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilarsa. Duk inda manyan kamfanoni suka sauka, ba a daɗewa sai ka ji an ce wane za a kai shi kwas, wane za a kai shi ganin masana'anta. To, in an wayi gari kai ne aka miƙa wa takarda, jirgi da masauki da abinci duk an biya, me za ka ce?

Abokai za su ce maka tafiya mabuɗin ilimi, kada ka yi wasa da damarka. Wasu dattawa kuma za su ce ƙasar kafirai ce, kada ka je ka lalace. Ka sani, Allah Ya yi maka rahama, duka biyun sun tsallake tambayar da ta fi muhimmanci, wato: wane ne ya biya, kuma me yake so a wurinka?

ASALIN TAFIYA HALAL NE

Kada kowa ya tsorata ka da cewa ƙetare iyaka zunubi ne. Manzon Allah (S.A.W.) tun kafin aike ya tafi Sham da dukiyar Nana Khadija, da guzurinta, tare da bawanta Maisara, ya dawo da riba da shaidar amana. Wannan tafiyar aiki ce da dukiyar wani. Sahabbai sun yi hijira zuwa Habasha, suka zauna ƙarƙashin Najjashi alhali ƙasar ta Nasara ce. Bayan yaƙin Badar, wasu fursunonin mushrikai sun fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu. Ka ga ke nan karɓar ilimi mai amfani daga wanda ba Musulmi ba yana da asali. Amma maganar nan da ake yawan jingina wa Annabi ta neman ilimi ko da a birnin Sin ne, malaman hadisi irin su Ibnul Jauzi sun bayyana cewa ba ta inganta ba. Ba ka bukatarta, hujjojin da suka inganta sun ishe ka.

Kakanninmu ma fatake ne. Sun bi madugu har Gwanja da jarin iyayen gidansu, suka dawo da goro. Har yau ɗan Mai'aduwa ko ɗan Zango yana ƙetarawa Damagaram ya dawo, ba wanda ya ce ya bar addini. Ƙasarmu kuwa tana bukatar injiniyoyi da likitoci da makanikai, kuma abin kunya ne a shimfiɗa dogo a gonakinmu a rasa ɗan Daura da ya iya gyara shi.

WA YA BIYA?

Masu biya maka jirgi iri uku ne, hukuncinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne kamfanin da kake yi wa aiki. Yana biyanka albashi, ya ga yana bukatar ka koyi sarrafa wata na'ura ko ka wakilce shi a taro, sai ya tura ka. Wannan ba kyauta ba ce, aiki ne, kuma kuɗin jirgin kamar kuɗin man motar ofis ne. Babu laifi a cikinsa matuƙar sana'ar kamfanin halal ce. In kuwa kwas ne na ƙwarewa a harkar giya ko caca ko riba, to matsalarka ta riga tafiyar, tana cikin aikin da kake yi tun a gida.

Na biyu shi ne dillalin da ba ka san ofishinsa ba. Ya ce wani kamfani a Dubai ko Libiya yana neman ma'aikata, ba sai ka ba da ko kwabo ba, in ka fara aiki a riƙa cira. Wannan ba tafiyar aiki ba ce, bashi ne da igiya a wuya. Sau da yawa da ka sauka sai a karɓe fasfo, a lissafa maka kuɗin da ba ka san da su ba. Kai ɗan iyaka ne, ka san irin mutanen da ake bi da su ta Kwangwalam da dare zuwa Agadas. Saboda irin wannan ne gwamnati ta kafa hukumar NAPTIP a 2003. Duk tafiyar da ba takardar yarjejeniya a rubuce, ba biza ta aiki, ba adireshin da za a tabbatar, ka bar ta. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na uku shi ne mafi ɓoyuwa, kuma a kansa za mu tsaya. Kai ma'aikaci ne, a ƙaramar hukuma ko asibiti ko ma'aikatar ruwa ko wani kamfani, kuma sa hannunka yana da tasiri: kai ke duba kaya in an kawo, ko kai ke rubuta rahoto, ko kana cikin kwamitin da ke zaɓen ɗan kwangila. Sai wani kamfani mai neman sayar muku da kaya ya gayyace ka ƙasarsu, wai ka ga masana'anta. Kwana biyu a masana'anta, kwana takwas yawon buɗe ido da sayayya.

Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani mutum daga ƙabilar Azdu da ake kira Ibnul Lutbiyya. Manzon Allah (S.A.W.) ya tura shi karɓo zakka. Da ya dawo sai ya ware wani abu ya ce wannan shi aka yi wa kyautarsa. Annabi ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa ai da ya ga ko kyautar za ta zo masa, sannan ya yi gargaɗin cewa wanda ya ɗauki irin wannan zai zo da shi a wuyansa ranar Alƙiyama. To, ɗan'uwa, ɗauki wannan ma'auni ka auna takardar da ke hannunka. Da kana zaune a shagon ɗinki a kasuwar Daura, ko kana noman gero a Sandamu, wannan kamfani zai san sunanka? In amsar a'a ce, to ba kai aka gayyata ba, kujerarka aka gayyata. Kujerar kuwa ba taka ba ce, amanar jama'a ce.

Kada ka zaci wannan tsananin malamai ne kawai. Waɗanda ba su yi imani da hisabi irin namu ba ma sun gane haka. A Disamban 2007 hukumomin Amurka suka ci tarar kamfanin sadarwa na Lucent dala miliyan 2.5, domin tsakanin 2000 da 2003 ya kashe fiye da dala miliyan 10 wajen kai jami'an kamfanonin gwamnatin Sin kusan 1,000 tafiye-tafiye kimanin 315. A takarda an rubuta duba masana'anta da horo, amma yawancin lokacin a wuraren shaƙatawa aka ƙarar da shi, irin su Hawai da Las Begas birnin caca. A nan gida ma, Jadawali na 5 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar kyauta ko wata alfarma saboda aikinsa, har ya ce duk abin da ya karɓa daga kamfanin da ke da kwangila da gwamnati za a ɗauka ya saɓa doka, sai in shi ya tabbatar da akasin haka.

UZURORIN DA ZUCIYA KE KAWOWA

Zuciya za ta ce maka: ai ba kuɗi suka ba ni ba, tikiti ne. To tikitin da me aka saya? Otal ɗin da ganye aka biya? Rashawa ba sai an sa ta a ambulan ba. Kuma kamfani ba ya kyauta daga aljihunsa, kuɗin jirginka an riga an cusa shi a farashin kayan, talakan Baure da ya biya haraji shi ya biya maka.

Za ta ce: zan je, amma in na dawo gaskiya zan yi. Haba ɗan'uwa, ka fi kowa sanin halinmu. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Mutumin da ya tarbe ka a filin jirgi, ya riƙe maka jaka, ya saya wa mahaifiyarka turare, shi ne za ka kalli idonsa ka ce famfon burtsatsen da ya kawo ba shi da inganci? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba za a ce maka ka yi ƙarya ba, abin da kawai za a so shi ne ka kau da kai sau ɗaya. Bayan wata shida famfo ya tsaya, mata da yara su koma jan guga, ko maganin asibiti ya ƙi aiki a jikin ɗan wani. Kai kuma kana nuna hotunan da ka ɗauko.

Za ta ce: in ban je ba wani zai je. Gaskiya ne, mai yiwuwa ya je. Amma kabarinsa daban, naka daban.

Akwai mafita ta halal a nan ma. Wani lokaci duba kaya kafin a loda su yana cikin sharuɗɗan kwangila, an rubuta, ma'aikatarka ta sani, ita ta zaɓe ka, kwanakin da wuraren duk a bayyane. Wannan aiki ne. Bambancin shi ne ta ƙofa gayyatar ta shigo ko ta taga. Saboda haka in aka kira ka a waya aka ce kada oga ya ji, ka san inda aka dosa. Ka ce su rubuto wa ofis. In sun rubuto aka tura ka, ka je ka yi aikin da ya kai ka, ka ƙi ƙarin kwanaki da kuɗin aljihu. In sun ƙi rubutowa, Allah Ya tsare ka ke nan.

IN TAFIYAR TA TSARKAKA

Ko da mai biyan halal ne, da sauran hakkoki. Marigayi Shaikh Ibnu Usaimin ya ambaci sharuɗɗa uku ga mai zuwa ƙasar da ba ta Musulmi ba: ilimin da zai kare shi daga shubuha, addinin da zai kare shi daga sha'awa, da kuma bukata ta gaskiya. Kai ka san kanka. Wanda Asuba ke kuɓuce masa a Daura, inda ladan ke kira ta kowace kusurwa, yaya zai yi a otal ɗin da ba a jin kiran salla?

Ka yi bincike kafin ka tashi. A Lisbon akwai babban masallaci. A Sin akwai tsofaffin masallatai a Shi'an da Gwangzhu, da gidajen abincin Musulmi 'yan ƙabilar Hui, sai dai sakewar yin addini ba ɗaya ba ce a kowane yanki na ƙasar. Yankan wanda ba Musulmi ba kuma ba Ma'abocin Littafi ba bai halatta gare ka ba, ga kifi ga ƙwai ga ganye. A liyafar kamfani al'adarsu ce a ɗaga kofin giya, to tun ranar farko ka faɗa musu cikin ladabi cewa ba ka sha, ya fi ka riƙa ƙirƙiro ciwon ciki kullum. Ka koyi hukuncin kasaru da haɗa salloli. A mazhabar Malikiyya, in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, kasaru ta yanke.

Sannan ka dubi gida. In iyayenka tsofaffi ne kuma kai kaɗai ke kula da su, ka nemi yardarsu, ka tsayar da wanda zai tsaya musu. Annabi ya mayar da mai neman fita jihadi zuwa ga hidimar iyayensa, balle kwas. In kana da mata, ka bar mata abin ci da na magani, ka gaya mata gaskiyar kwanakin. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya iyakance watannin da soja zai yi nesa da iyalinsa. Kwas na mako uku daban, na shekara biyu daban.

Ka yi shawara da masu ilimi da waɗanda suka taɓa zuwa, ka yi sallar istihara raka'a biyu kamar yadda Annabi ya koyar. Kada ka kai kuɗinka wurin mai duba, gaibu na Allah ne.

AMANAR GUZURI DA DAWOWA

Kuɗin guzurin da aka ba ka amana ne. In ƙa'idar kamfani ta ce kaza ne na kowace rana, naka ne ko ka ci ko ka tsimi, to abin da ka rage halal ne. In kuwa ta ce ka kashe ka kawo rasit, to canji nasu ne, rasit na ƙarya kuma sata ce da shaidar zur a haɗe. In ka sa hannu cewa za ka dawo ka yi musu aiki shekara kaza, ka cika, domin da umurnin cika alkawura aka buɗe Suratul Ma'ida. Wanda ya sulale daga otal ya ɓace ba kansa kaɗai ya cuta ba, ya rufe ƙofa ga ƙannensa da za a hana biza saboda shi, ya kuma ja wa Musulmi zagi.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, in ubangidanka na aiki ne ya tura ka a fili, aikin halal, gida a tsare, addininka a riƙe, to ka tafi, Allah Ya kai ka lafiya, ka koyo abin da za ka amfani Daura da shi. In kuwa mai neman sa hannunka ne ya biya a ɓoye, ka mayar masa da takardarsa ko da ba ka taɓa shiga jirgi ba. Za a ce maka wawa, a ce ka yi wa kanka baƙin ciki. Ka yi haƙuri, arzikin da Allah Ya rubuta maka ba ya bukatar ka sayar da amana kafin ya iso.

Allah Ya wadata mu da halal, Ya tsare mu daga haram, Ya sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.