Kyauta ce ko Adashe?

Da damunar bara na je hutu gida Gabi, sai zazzaɓin sauro ya kama ɗiyar yayana, ƴar shekara uku. Ni na ɗauke su bisa babur, ita da uwarta, zuwa wata likita ta cikin ƙauyukanmu. Muka jira tun hantsi har azahar. Da layi ya zo kanmu, ma'aikacin ya duba yarinya, ya ce magani ya ƙare, ya rubuta muna takarda mu je mu saya. Na buɗe baki zan yi magana, matar yayana ta taka mini ƙafa. Da muka fito ta ce, «Kai dai ɗan lakkol, ba ka da kunya? Mutum ya duba maka ɗiya kyauta, kuma ka tsaya kana yi mashi ƙorafi?»

Tun ranar kalmar nan take yi mini yawo a kai. Ƴan'uwa, ku yi mini haƙuri, cutar masu karatun harshe ke nan: a yi gobara, su tsaya suna tambayar asalin kalmar wuta.

A 2006, zamanin Tanja Mamadu, gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, da kuɗin awon ciki. Kafin nan kowa biya yake, bisa tsarin da ya samo asali daga taron Bamako na 1987. Da Faransanci sunan abin gratuité, wato abin da ba a biya a bakin taga. Faransanci na da wata kalma daban, cadeau, ga abin da wani ya ba ka don alheri. Mu kuwa da rediyo da masu shela suka zo fassara, sai duka biyun suka faɗa cikin tukunya guda: kyauta.

Kyauta a Hausa ba ta zuwa ita kaɗai. Ƴar gidan kyau ce da kyautatawa, tana da mai bayarwa, tana da mai karɓa da hannu biyu, kuma tana jawo godiya. Har tukuici take jawowa ga ɗan aiken da ya kawo ta. To ku duba: in maganin kyauta ne, gwamnati ce mai alheri, ma'aikacin likita ɗan aike ne, ƴan dalolin da wasu ke sunna ma mai gadi sun zama tukuici, wanda ya yi ƙorafi kuma ya zama butulu. Matar yayana ba ta yi kuskuren tunani ba ko kaɗan. Daidai ta bi kalmar har inda ta kai ta.

Amma wa ya biya? Yayana na biyan lanho ta hannun mai gari kowace shekara. Matarsa in ta kai ƙuli-ƙuli kasuwa sai ta yanki tikiti. Sukarin shayinmu da man babur ɗin da ya kai mu, in dai ba ta ɓarauniyar hanya suka shigo daga Jibiya ba, akwai rabon baitulmali a cikinsu. Wannan ya fi kama da adashe. Matar da kwasa ta zo kanta takan ce ma uwar adashe na gode, don ladabi, amma in kuɗin ba su cika ba sai an ji su har bakin titi, kuma ba mai kiranta butulu.

Na kai ma Inna wannan magana, ina jin kaina. Ta saurare ni har ƙarshe, kana ta ce ita ta binne ƴaƴa biyu lokacin da ba a taɓa yaro sai an ga kuɗi, don haka in bar ta ta gode. Ban sami abin cewa ba. Kuma alƙaluma na bayanta: mace-macen yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar sun sauko daga 226 cikin 1000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma ɗauke kuɗin maganin na cikin dalilan. Akwai wani abin da ya ƙara rage mini ƙarfi: wani kaso na allurai da gidajen sauro kuɗin ƙasashen waje ne, ba lanhon yayana ba. Adashen namu bai taɓa cika da zubinmu kaɗai ba.

Duk da haka ban janye ba. Tsarin shi ne likita ta yi magani, ta aika lissafi sama, gwamnati ta mayar mata da kuɗin. Sanannen abu ne cewa mayarwar takan yi jinkiri na watanni, har shekaru, sai kantar magani ta bushe. Ma'aikacin da na so in yi ma faɗa bai ci komai ba; zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wanda ya kamata a tambaya yana can nesa, kuma mutanen da ke ganin kyauta aka yi masu ba su taɓa haɗa kai su je tambayar ina sauran kyautar take.

Na gwada neman wata kalma. «Haƙƙi» ta yi nauyi, tana warin kotu da lahira. «Rabo» kuma ta jingina abin ga ƙaddara. «An riga an biya» ce ta fi kusa, sai dai jimla ce, ba ta hawa allon ƙofar likita da daɗi. Na karanta ma matar yayana su duka, tana tankaɗe. Ta ce in na gama zaɓen, in tuna jika biyu da rabi na maganin ita ta ranto su wurin maƙwabciya, kuma ranar kasuwa za a biya.