Jarumta Ko Ganganci: Wa Ke Da Ikon Cewa A Tsaya?

Shekara tara ke nan ina riƙe da harkar wasanni a makarantar da nake koyarwa a ƙasar Bodinga, ban da darasin da nake bayarwa a aji. A tsawon wannan lokaci akwai rana ɗaya da har yau ba ta bar zuciyata ba, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Wata Alhamis muka kwashi yaranmu a mota, muka bi titin Jega zuwa Shagari don wasan ƙwallon ƙafa na sada zumunta. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, sai mai tsaron bayanmu ya yi tsalle suka gwara kai da wani yaro. Ya faɗi, ya ɗan jima a kwance, sannan ya miƙe yana tangaɗi. Na ce, "Kai, yaya jikin?" Ya ce, "Malam, ba komai, don Allah kada ka cire ni." 'Yan kallo kuwa sai tafi suke yi suna kiransa namiji. Na zuba masa ruwa a ka, na mayar da shi fili. Muka ci wasa. A hanyar dawowa ya yi amai sau biyu, da aka tambaye shi nawa aka tashi, bai sani ba. Cikin dare muka kai shi asibiti a Sakkwato. Likita ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya mayar da shi fili?" Allah ya kiyaye, yaron ya warke. Amma tambayar likitan tana nan.

Na daɗe ina kare kaina da cewa ai shi ya roƙa. Jikinsa ne, shi yake jin ciwon, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake yoyo. Wannan hujja ba ta banza ba ce. Mu nan mun tashi mun tarar da kokawa da dambe bayan kaka, mun ga sharon Fulani, mun ji yadda Ɗan Anace ya ɗaukaka sunan Shago. Duk waɗannan suna koya wa saurayi juriya da dakewa, kuma al'ummar da ba ta da masu juriya ba ta zuwa ko'ina. In za a fitar da ɗan wasa duk sa'ad da ya ce wash, to wasa ya mutu.

To amma, ɗan'uwa mai karatu, akwai bambanci tsakanin gajiya da rauni. Gajiya juriya ke maganinta. Rauni kuwa juriya ƙara shi take yi. Abin da likitan ya fahimtar da ni shi ne, idan aka bugi kai da ƙarfi, ƙwaƙwalwa tana girgiza a cikin ƙoƙon kai, ko da mutum bai suma ba, ko da ba a ga jini ba. In aka sake bugunta kafin ta warke, tana iya kumbura har ta kai ga rasa rai. Ka ga ke nan abin da yaron zai yi hukunci da shi, shi ne ya bugu. Yaya zan riƙe maganarsa hujja? Bugu da ƙari, zafin wasa yana ɓoye ciwo, kunyar idon jama'a kuma tana rufe baki. Saboda haka roƙon da ya yi mini bai sauke mini nauyi ba. Gaskiyar magana, na karɓi roƙon ne domin ni ma ina son mu ci.

Ba a ƙauye kaɗai ake fuskantar wannan ba. Ranar 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Legas ana cikin wasa da Angola, bai sake tashi ba. A 2003 Marc-Vivien Foé na Kamaru ya rasu ta irin wannan hanya a birnin Liyon na Faransa. Dukansu zuciya ce. Dubi kuma ɗaya ɓangaren. A 1996, bayan Nijeriya ta ci zinare a Atlanta, likitocin ƙungiyar Inter Milan suka gano matsala a zuciyar Nwankwo Kanu, suka dakatar da shi, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya yi shekaru yana taka leda. A 2021 Christian Eriksen na Danmak ya faɗi a fili, aka yi ta danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya nan take, ya rayu. Kowa da ajalinsa, haka ne. Amma rigakafi da shiri su ma umurni ne, kuma addini ya hore mu cewa jiki amana ne, yana da haƙƙi a kanmu. Shi ya sa daga 2024 dokokin ƙwallon ƙafa suka ba da damar ƙarin canji na musamman ga wanda ya bugu a ka.

Wani zai ce, mu da ba mu da likita a bakin fili, me za mu iya? Da yawa. Ba a sayen kalmar "fito" da kuɗi. Wanda ya bugu a ka kada ya koma fili a ranar. Wanda ya suma ba tare da an taɓa shi ba, a kai shi a duba zuciyarsa. Wanda ya karye aka kai shi wurin mai ɗori, a lura da yatsunsa. In sun yi sanyi, ko sun mutu, ko sun canza launi, ɗaurin ya hana jini gudu, sai asibiti ba tare da jinkiri ba. A kuma hana samari haɗiyar taramol don su kashe ciwo su shiga fili, domin ciwo ɗan aike ne, kashe ɗan aike kuwa ba ya soke saƙo.

A nan ne maganar ta zo kanmu marubuta. Littattafanmu da waƙoƙinmu cike suke da gwarzon da ba ya ja da baya. Ina labarin malamin da ya cire gwaninsa ya yarda aka ci shi? Ina kirarin ɗan damben da ya kwance zare domin yana da iyali a gida? Yaron nan da ya roƙe ni, daga bakinmu ya koyi ma'anar namiji. In muna son ya koyi wata, mu ne za mu rubuta ta.

Da mahaifinsa ya iso asibiti da safe, bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, a hannunka na ba da shi." Tun daga ranar, duk yaron da ya faɗi, ni nake yanke hukunci, ko da zai yi fushi da ni har ƙarshen zango. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.