WA NA CUTAR? TAMBAYAR WANI ƊALIBI KAN JARRABAWA



Jiya bayan sallar Isha'i wani ɗalibin sashen haɗa magunguna ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Ya ce: "Malam, saura kwana goma mu rubuta Oganik Kemistiri, kaina ya ƙi ɗauka. Akwai mai sayar da tambayoyin da za su fito. Kwas ɗaya ne fa, idan na saya wa na cutar?"

Ban yi masa faɗa ba, don na ga tsoro ne ya kawo shi. Sai na ba shi labari.

Daga ƙarshen shekarar 2008 zuwa farkon 2009 yara fiye da 80 suka mutu a Najeriya bayan an ba su wani maganin fitar haƙori. Da aka bincika, sai aka tarar an sa sinadarin dayetilin gilaikol a maimakon furofilin gilaikol. A ido kusan ɗaya suke: ruwa ne mai ɗan kauri, marar launi, mai ɗan zaƙi. Amma ɗaya ana haɗa magani da shi, ɗayan kuwa ƙoda yake kashewa. Bambancin yana cikin yadda ƙwayoyin kabon da oksijin suka jeru, wato ainihin abin da kwas ɗin nan yake koyarwa.

Na ce masa: ɗana, wanda za ka cutar ba ya cikin ɗakin jarrabawar. Wataƙila ma ba a haife shi ba tukuna. Wata rana uwarsa za ta miƙo maka takardar likita, ba za ta tambaye ka yadda ka ci jarrabawa ba, yarda kawai za ta yi da kai. Takardar shaidar karatu alƙawari ce ga mutanen da ba ka sani ba cewa ka iya. Idan ba ka iya ba, ha'inci ne, ko da babu wanda ya kama ka.

Ya ce to ya zai yi? Na ce kwana goma ba kaɗan ba ne. Daina haddar shafuka kamar waƙa. Ɗauki biro da takarda bayan Asuba, ka zana kowane haɗi da hannunka, ka bi inda lantarkin ya taso da inda ya nufa. Warware tambayoyin shekarun baya, littafi a rufe. Inda ka cije, je wurin wanda ya fi ka. Sannan ka ɗaga hannu ka roƙi Allah.

Kuma in ka faɗi? Sai ka maimaita. Kwas ana maimaita shi, rai ba a maimaitawa.

Allah Ya ba ɗalibanmu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga cin amana. Amin.