Wuƙar Likita Da Zafin Na'ura: Wa Zai Zaɓa Wa Yaro?

Mai karatu, ka san yadda rashin lafiya ke ƙarewa a finafinanmu da littattafanmu na soyayya. Ko dai likita ya fito daga ɗakin tiyata yana murmushi ya ce an yi nasara, ko ya girgiza kai sai kuka ya ɓarke. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani fili mai faɗi da marubutanmu ba su cika shiga ba, kuma can nake so mu leƙa yau.

Akwai wani nau'in ciwon daji da likitoci ke kira sakoma, mai kama ƙashi ko tsoka, wanda kan samu yara da matasa. Don yaƙarsa, likitoci kan haɗa allurar kemo da tiyata da kuma gashi, wato haska wurin da na'ura don kashe ƙwayoyin cutar. Wuƙa ta cire ƙarin, gashi ya bi ragowar da wuƙa ba ta kai gare su ba, musamman in ƙarin ya zauna inda yanka ke da haɗari, kamar bayan ido. Haɗin ya yi rana. Wajen 1970, kusan yaro ɗaya cikin huɗu ne ke tsira daga sakomar tsoka a Amurka. Bayan likitocin can sun haɗa kai a 1972 suna gwada hanyoyin magani tare, adadin ya kai kusan bakwai cikin goma a shekarun 1990.

To, ina matsalar? Wuƙa nan take take karɓar kuɗinta: tabo, ko rasa gaɓa. Shi kuwa gashi bashi ne, sai an jima ake biya. Ƙashin yaro daga kusa da gaɓa yake ƙara tsawo. In gashi ya taɓa wurin, ƙafa ɗaya na iya tsayawa 'yar'uwarta ta ci gaba. In a fuska ne, ɓangare ɗaya ya girma ya bar ɗaya. In a ƙugu ne, haihuwa na iya gagara. Wani ma bayan shekara goma ko ashirin wani sabon dajin ke tsirowa a wurin. Ka ga ke nan uban da ya sa hannu a takarda mutum biyu yake yi wa zaɓi: ɗan shekara bakwai da ke gabansa, da magidanci ɗan shekara talatin da bai taɓa gani ba.

Na san za ka ce ai rai ya fi ƙafa. Haka ne, kuma kada tsoron tiyata ya sa a yi ta yawo da yaro mai kumburin ƙafa wajen masu ɗori har lokaci ya ƙure. Amma Giulio D'Angio, likitan gashin yara a Filadelfiya da ya rasu a 2018, ya shafe rayuwarsa yana nanata cewa warkarwa kaɗai ba ta isa ba. A birnin Amsterdam, tun 1990 likitoci suka ɓullo da wata dabara ga yara masu sakoma a kai da wuya: a cire ƙarin, a ɗora abin gashin daidai kan gurbin na 'yan kwanaki, sannan a gyara wurin, don kada zafin ya shafi sauran fuskar. Wato sun tuna da wancan magidancin.

Mu fa? A al'adarmu ba a shawara da yaro, ana ma ɓoye masa wai don tausayi. Ni a ganina wannan tausayin ya fi sauƙaƙa wa manya. Hukunci na iyaye ne, babu ja, domin ɗan shekara bakwai ba zai iya auna mutuwa ba. Amma jikinsa ne, shi zai zauna a ciki har tsufa. Hakkinsa ne a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, a saurari tsoronsa, a kuma adana masa bayanin maganin da aka yi masa don likitocin gaba su ci gaba da lura da shi.

Marubutanmu da daraktocinmu, ga labari nan ba mai shi: yarinyar da ta warke tana 'yar shekara takwas, ga ta yau a bakin aure, tana tambayar mahaifinta me ya sa bai taɓa gaya mata ba. Wace amsa za ku sa a bakinsa?