Ɗana, Kafin Ka Ɗaura wa Tarakta Ƙarfen Gyaran Hanya

Ɗana, idan Allah ya hore maka tarakta, ko kai kaɗai ko da haɗin gwiwar ƙungiyarku ta manoma, na san abin da zai fara damunka bayan an gama huɗa: ga inji mai tsada yana zaune a ƙarƙashin bishiya wata da watanni, ga hanyar ƙauye ta lalace. Sai zuciya ta ce a sayo ƙarfen gyaran hanya a ɗaura mata. Shawara ce mai kyau, Allah ya sanya alheri. Amma zauna ka saurare ni kafin ka ƙirga wa kowa sefa, domin a wannan sayayya mutane da yawa sun yi asarar kuɗi, sun kuma ɓata hanyar da suka je gyarawa.

Kai da ke Albarika a Paraku, kwalta ba ta yi maka nisa ba. Babban titin Kwatano zuwa Malambil ya ratsa Paraku, ga kuma wanda ya nufi Jugu ta Beteru, tafiyar kilomita 130 da ɗoriya. Sai dai auduga da doya da kashu da kaɗanya da waken soya ba a bakin kwalta ake samunsu ba. Kafin buhu ya iso kasuwar Arzeke, kafin auduga ta isa injin gurza, sai sun sha hanyar burji tukuna. Kakanninmu fatake da suka riƙa bi ta Nikki da Paraku da Jugu zuwa Gwanja neman goro, jakuna suka kora, kuma jaki yana kewaye rami ya wuce abinsa. Babbar mota mai ɗauke da auduga ba ta da wannan dabara. Haka ma motar da ta ɗauko mai naƙuda da tsakar dare.

Abin da nake so ya zauna maka a rai shi ne, ruwa ne ke kashe hanyar burji, fiye da nauyin mota. A Bargu da Donga ruwan da ke sauka daga Mayu zuwa Oktoba ya haura milimita 1,000 a shekara. Duk inda ya samu wurin kwanciya a kan hanya, sai ya tausasa ƙasa, taya ta taka, rami ya buɗe. Inda kuma ya samu sawun taya a gangare, sai ya bi shi da gudu ya yi zaizaya. Maganin wannan shi ne doro: tsakiyar hanya ta fi gefenta tudu, kimanin santimita 5 a kowace mita guda. Hanya mai faɗin mita 6 ke nan tsakiyarta za ta ɗara bakinta da santimita 15, ruwa ya gangara hagu da dama ya faɗa lambatu. Wanda ya share hanya ta yi sumul kamar faranti, jama'a za su sa masa albarka a ranar, amma ruwan farko zai tona masa asiri. Don haka tambayarka ta farko ga mai sayarwa ita ce: wuƙar ƙarfen tana juyawa ta karkace, kuma ana iya sauke kunnenta ɗaya ƙasa a ɗaga ɗayan? In ba ta yin waɗannan biyun, ba za ta kwaso burjin da ya tsere gefe ta maido shi tsakiya ba, ba kuma za ta yi maka doro ba. Bar masa kayansa.

Abin da za a fara nuna maka shi ne wuƙar da ake ratayawa a hannuwa uku na bayan tarakta. Ita ce mai sauƙin kuɗi, kuma tana da amfaninta: gyaran hanyar gona, share lambatu, baza ƙasar da tifa ta juye. Lahaninta yana cikin yadda aka rataya ta. Tana manne da jikin tarakta, don haka in tayar gaba ta hau tudu wuƙa ta nutse, in ta faɗa rami wuƙa ta tashi. Maimakon ta kashe gargada, sai ta sake zana ta a baya. Direba gwani yana rage wannan, haka ma ƙaramar taya da ake sa wa wasu a bayan wuƙar. In wannan ce kuɗinka ya kai, nemi mai tayar. Akwai kuma mai siffar akwati da haƙora a gaba. Gwana ce wajen fasa ƙasa mai tauri da cike kwari, amma ja take yi gaba ɗaya, ba ta tura ƙasa gefe, saboda haka aikinta fili ne da harabar sito.

Wadda nake yi maka kwaɗayi ita ce gireda mai tayoyinta, wadda tarakta ke ja. Wuƙarta tana zaune a tsakiyar doguwar ƙira, tsakanin inda aka ƙulla ta da tarakta da tayoyinta na baya, kuma wannan tsawon shi ne sirrin babbar gireda ta kamfani: rami da tudu ba sa girgiza wuƙa sosai. Mutum ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana tsaye a baya yana sarrafa wuƙar, idonsa a kan ƙasa. An jima da gwada wannan a Afirka. A Zimbabuwe hukumar raya gundumomi ta yi shekaru tana kula da dubban kilomitoci na hanyoyin karkara da taraktocin noma da irin wannan gireda, Kenya ma ta bi wannan hanya a shekarun 1990. Dalilinsu shi ne dalilinka: babbar gireda in ta lalace sai ta yi watanni tana jiran kayan gyara daga waje, ita kuwa tarakta kowane gari akwai bakanikenta.

To amma daidai ruwa, daidai tsaki. Ƙaramar gireda mai nauyin kimanin tan 2 tana tafiya da tarakta mai ƙarfin doki 60 zuwa 75, aikinta kuwa gyara ne mai sauƙi a kai a kai. Babba mai tan 5 tana neman ƙarfin doki wajen 100 da tarakta mai ja da ƙafa huɗu. Kada son babban abu ya sa ka ɗaura wa ƙaramar tarakta abin da ya fi ƙarfinta, tayoyi su yi ta murzawa a banza, kulocin ya ƙone, damina ta zo ba ka da abin huɗa. Kada kuma ka sayi marar nauyi don araha, domin a kan busasshen burji tsalle kawai zai yi ta yi. Ɗauki ma'auni ka auna faɗin tayoyin taraktarka na baya. Wuƙa mai mita 2.4, in aka karkata ta yadda ake aiki, abin da take sharewa bai fi mita 2 da kaɗan ba, kuma dole ta rufe sawun tayoyin. In mai ratayawa ce, duba kusoshin hannuwan tarakta ma: na ƙananan taraktoci milimita 22 ne, na matsakaita 28.

Sai bakin wuƙa. Burjin ƙasarmu yana cin ƙarfe ba sani ba sabo. Ka tabbata bakin ɗaure yake da noti, ana kwance shi a juya ɗaya gefen, in ya ƙare a sa sabo. Wanda aka yi wa walda a jiki, ranar da ya cinye wuƙar gaba ɗaya ta tafi. Ka tambayi inda za ka samu sabon baki, ko a Paraku ko sai Kwatano, kuma ka je ka gan shi da idonka kafin ka biya. Tafi da bakanike da mai walda na unguwa su duba. Abin da suka ce ba za su iya gyarawa ba, kada ka kawo shi gida. Tayoyin giredar su zama irin da ake samu a wurin kowane mai faci.

Ko ka sayi mafi kyau, lokaci ne ke sa aiki ya yi. Ana gyaran burji ne yana da danshi, a farkon damina da kuma ƙarshenta, lokacin da ƙasa ke yankuwa kuma take kama jikinta in an daɓe. A tsakiyar hunturu, in ka sa wuƙa, garin ƙasar da ke riƙe tsakuwa ne zai tashi ya bi iska. A wannan lokaci tsofaffin tayoyin babbar mota da aka ɗaure da sarƙa, ko guntun ƙarfe mai nauyi, sun isa a ja su a hana gargada kafuwa. Rami kuwa a yanke shi har gindinsa. In an rufe shi da sakakkiyar ƙasa, cikin mako zai dawo. Kuma ka ja wa direba kunne ya tafi a hankali, kada ya wuce saurin mai tafiya da ƙafa da yawa, domin gudu shi ke sa wuƙa rawa.

Ka san iyakarka, ɗana. Inda burji ya ƙare har ƙasar asali ta fito, ko kwalbati ya karye, babu wuƙar da za ta yi magani. Wannan aikin tifa ne da motar daɓe da babbar gireda. Hanyoyin ƙauye kuma suna hannun ƙananan hukumomi ne tun da aka fara zaɓen magadan gari a ƙasar nan a ƙarshen 2002. Kafin ka sa ƙarfe a hanyar jama'a, je ofishin magajin gari, na Paraku ko na Jugu ko duk inda hanyar take, ka gana da masu kula da ayyuka, a nuna maka daga ina zuwa ina, a rubuta wanda zai biya mai da ladan direba. Ka tafi da mai gari da shugaban manoma su zama shaida. Allah ya yi maka jagora.